Yadda ake gane shekaru da asalin tsohon faifan kiɗan rawa na Gabashin Afirka

Akasarin faya-fayan garmaho da aka yi wa kasuwar Gabashin Afirka ba su ɗauke da shekara. Ka juya faifai gaba da baya, abin da ke kan takardar tsakiya bai wuce sunan kamfani ba, da sunan waƙa, da na mawaƙi ko ƙungiya, da wata lamba, wani lokaci kuma a ƙara kalma ɗaya tak kamar "rumba" ko "twist". Shi ya sa waƙa ɗaya za ka ji wani ya ce ta 1955 ce, wani ya ce ta 1963, kowa kuma yana bugun ƙirji. Kiɗan da ake magana a kai shi ne na gidajen rawa na Tanganyika (babban yankin Tanzaniya ta yau) da Kenya da Yuganda, daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa farkon shekarun 1970. Masu jin Swahili suna ce masa zilipendwa, wato waɗanda aka so a da, a Tanzaniya kuma sunansa muziki wa dansi.

Shaidu uku ake tarawa kafin a sa wa faifai shekara: jikinsa, abin da kunne ya ji, da abin da baitoci suka faɗa. Kowanne a cikinsu yana iya ruɗar mutum idan shi kaɗai aka tambaya, saboda haka ba a yanke hukunci sai aƙalla biyu sun yi baki ɗaya.

Kafin allura ta taɓa shi

Fara da sanin da me aka yi faifan, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Faifai mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda faɗinsa inci 10 ne, da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa, a cuɗa shi da garin dutse. Yana da nauyi, ba ya lanƙwasuwa, idan ka ƙwanƙwasa gefensa da farce yana amsawa kamar tangaran, kuma kamar tangaran yake fashewa. Ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45 na roba ne, mara nauyi, yana ɗan lanƙwasuwa. Akwai na uku da ake samu jefi-jefi daga gidajen rediyo: farantin alminiyam da aka shafe da wani baƙin fenti aka yanka sauti a kai kai tsaye. Za ka gane shi da ƙyallin ƙarfe a bakin ramin tsakiya, sau da yawa da ƙarin rami kusa da shi. Irin wannan galibi kwafi ɗaya ne a duniya. Idan fentin ya fara tsagewa ko ɓarewa, kada ka wanke, kada ka kunna, aikin ƙwararrun ma'adanar sauti ne.

Sifirit yana narkar da shalak. Duk wani ruwan goge faifai da ake sayarwa don na roba, a ɗauka akwai sifirit a ciki har sai an tabbatar babu. Abin da shalak ke buƙata shi ne tataccen ruwa lita ɗaya, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba, da ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke kwanuka marar turare. Kwantar da faifan a kan tawul, ka bi tsagin da buroshi mai laushi kana zagayawa yadda tsagin yake zagayawa, ban da gicciye. Ka ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka tsane da ƙyalle marar gashi, ka jingine shi a inuwa na awa 24. Kada a jiƙa shi a kwano, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya: tawadar wasu ƙananan kamfanoni tana zuba nan take, alhali takardar nan rabin shaidarka ce. Shalak ɗin da bai gama bushewa ba yana laushi, allura sai ta kankare shi.

Tsohon garmaho mai wani da hannu abin sha'awa ne a ido, amma kan allurarsa ya haura giram 100, allurar ƙarfen kuma gefe ɗaya aka yi ta ta kunna a jefar. Yawancin faya-fayan da suka yi furfura a tsagi, allura ɗaya aka yi ta maimaita musu a mashaya da gidajen biki. Kada ka ƙara masa wani miki.

A ɗauka sau ɗaya, a saurari kwafin

Ana buƙatar na'urar juya faifai mai gudun 78 da allura ta musamman. Tsagin 78 ya fi na roba faɗi sosai: allurarsa kaurin bakinta kusan milimita 0.065 zuwa 0.075 ne, ta faifan roba kuwa wajen 0.018. Idan ka sa siririyar, za ta nutse har gindin tsagi inda datti ya taru, ka ji shuuu ta rufe kiɗan. Nauyin da ake ɗora wa allurar giram 3 zuwa 5 ne. Faifan da ya ci wuya, a gwada allura mai ɗan ƙarin kauri, domin tana hawa saman bangon tsagin, sama da inda allurar ƙarfe ta cinye.

A ɗauka da tsarin WAV, bit 24, kilohaz 96, a sitiriyo ko da yake faifan mono ne. Dalili shi ne bangon tsagi biyu ba sa lalacewa daidai. Daga baya za ka zaɓi wanda ya fi tsabta, ko ka haɗe su idan duka lafiya suke. Wanda na'urarsa ba ta da 78 yana iya ɗauka a 45 ya ninka gudun da 1.733 a manhaja irin su Audacity. Sai dai akwai tarko. Na'urorin zamani suna gyara sauti da ma'aunin RIAA, wanda aka tsayar a 1954 don faifan roba, yana ƙara kauri yana rage kaifi. Faya-fayan 78 da yawa ba da shi aka yanka su ba, shi ya sa suke fitowa da gunji kamar daga cikin rijiya. Dole a warware RIAA tukuna, a gyara gudu, sannan a ɗora ma'aunin da ya dace.

Gudun ma ba a rantse da shi. Bambancin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga murya da rabin mataki, ya mai da dattijo saurayi. Kada ka gwada da jita, domin makaɗan nan da kunne suke ɗaure tsirkiya, kuma suna yawan ɗaura mata maƙala a wuya. Akodiyon ya fi aminci tunda muryarsa a kafe take. Idan akwai gunjin lantarki a ɗaukar, ka auna shi: wutar yankin haz 50 ce, in ka same shi a 52, faifan yana gudu fiye da kima.

Sai gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ga wannan kiɗa musamman. Manhajojin cire ƙara suna ɗaukar bugun kwalba da na 'yan sanduna a matsayin ƙas-ƙas ɗin tsagewa, su kuma ɗauki caki a matsayin shuuu. Ka matsa musu da yawa, sai su share maka ainihin abin da ake taka rawar da shi. A cire manyan ƙas-ƙas da hannu ɗaya bayan ɗaya, a bar sauran. Ɗanyen kwafin kuma a ajiye shi daban ba tare da an taɓa ba.

Abin da takarda da lambobi ke faɗa

Lamba biyu ce a faifai, kuma rikita su shi ne kuskuren farko na sabon shiga. Lambar kasuwa tana kan takarda, iri ɗaya a gefe biyu, ita ce mai shago ke oda da ita. Lambar uwa kuwa, wato ta uwar faifan da ake bugo kwafi daga gare ta, a jikin faifan aka tona ta, a filin da ke tsakanin ƙarshen tsagi da takarda, kowane gefe da tasa. Haska tocila a karkace ka kwafe ta harafi da harafi. Ita ce ke bin jerin ɗauka a situdiyo. Idan lambobin uwa na gefe biyu suna bin juna, a zama ɗaya aka ɗauke su; idan akwai tazarar ɗaruruwa, kamfani ne ya haɗa tsohuwa da sabuwa, kuma kowane gefe shekararsa daban. Da zarar ka sami faifai ɗaya na kamfanin da aka tabbatar da shekararsa, ya zama turke, sauran sai a jera su gabansa da bayansa.

Faya-fayan HMV da aka buga a masana'antar EMI da ke Hayes kusa da Landan suna da wani ƙaramin harafi a dama da takarda, wajen ƙarfe uku idan ka ɗauki faifan kamar agogo. Haruffan GRAMOPHLTD ne ke wakiltar 1 zuwa 0: G ɗaya, R biyu, A uku, haka har ƙarshe. Yana nuna hatimi na nawa aka buga kwafin da shi. G na nufin bugun farko-farko, haruffa biyu kuwa alama ce waƙar ta ci kasuwa har an yi ta sake bugawa.

Sunan kamfani yana rage faɗin zato. Jambo ta fara a Nairobi a ƙarshen shekarun 1940. Situdiyonta ne daga baya ya koma hannun Charles Worrod a farkon shekarun 1960 ya zama Equator Sound, saboda haka faifan Equator ba ya zama na shekarun 1950. CMS da AGS na 'yan kasuwar Nairobi ne, Mzuri ta gidan Assanand ce a Mombasa, Chandarana kuma a Kericho yake, can ƙasar ganyen shayi. Gallotone ta Afirka ta Kudu ce, ita ta fitar da wasu daga cikin abin da Hugh Tracey, mai binciken kiɗan Afirka, ya ɗauka a zagayensa na 1950 da 1952. Akwai ratar watanni tsakanin ɗauka da fitowa a zamanin da ake aika uwar faifai Ingila ta jirgin ruwa a bugo a dawo da ita, don haka a rubuta wace shekara ake nufi a cikin biyun.

Kada siffar faifai ta yaudare ka. A Turai 78 ya mutu a ƙarshen shekarun 1950, amma a Gabashin Afirka ya kai farkon shekarun 1960, tunda garmaho mai wani ba ya neman lantarki. Haka nan rubutun da ke cewa a Kenya aka buga faifai ba ya mai da makaɗan 'yan Kenya. Nairobi ce cibiyar buga faifai ta yankin gaba ɗaya, ƙungiyoyin Tanganyika da mawaƙan Yuganda can suke zuwa, ko a kai tef ɗinsu. Ƙungiyar Cuban Marimba ta Morogoro ce a gabashin Tanganyika, amma a Mzuri ta Mombasa za ka same ta.

Kalmar salon rawa da ke kan takarda tana ba da ƙasan shekara. A 1953 cha-cha ya fito a Kyuba, pachanga a 1959, twist kuma ya game duniya a 1960. Faifan da aka rubuta wa twist ba ya riga 1960, ko mai sayarwa ya yi rantsuwa.

Aikin kunne

A nan ne ake daɗewa. Abu na farko a cire daga rai: kalmar "Jazz" a sunan ƙungiya ba ta da alaƙa da jaz ɗin Amurka. Ma'anarta ƙungiya ce ta zamani mai kayan kiɗan Turawa, shi ke nan.

Tushe biyu ne a ƙarƙashin dansi. Na farko beni, wasan da ya taso a garuruwan gaɓar teku a ƙarshen ƙarni na 19, inda matasa ke kwaikwayon badujalar sojan mulkin mallaka, da kaki da muƙamai da fareti, ƙungiya na gasa da ƙungiya, kamar Marini da Arinoti a Tanganyika. Daga nan aka gaji ƙahonni da takun fareti da kuma kishin ƙungiya. Na biyu faya-fayan Kyuba na jerin GV, da HMV ta fara fitarwa a 1933 tana sayarwa a Afirka. Idan ka ji 'yan sanduna biyu suna bugu biyar, uku sannan biyu, da caki, da ƙaho yana amsa wa mawaƙi, jinin GV ne. Sunayen ma sun tona asiri: Salum Abdallah ya kafa La Paloma a Morogoro a ƙarshen shekarun 1940, ita ce ta zama Cuban Marimba.

Ga yadda kayan kiɗa ke nuna zamani a dansi na Tanganyika. Ƙungiyoyin farko, irin su Dar es Salaam Jazz Band ta farkon shekarun 1930 da Morogoro Jazz ta 1944, kulob-kulob ne na mambobi, kayansu goge na Turawa, banjo, mandolin, akodiyon, jitar katako da ganguna. Idan waɗannan ke gaba, kana cikin shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1950. Daga nan ƙaho da saksofon suka karɓi ragama, jitar lantarki ta shigo tana raɓe. Zamanin Kiko Kids na Tabora ke nan, da Atomic Jazz na Tanga, da Kilwa Jazz da Western Jazz da suka taso a Darussalam a ƙarshen shekarun 1950. A cikin shekarun 1960 kiɗan Kwango na su Franco da Dokta Nico ya mamaye rediyo, jita ta hau gadon sarauta, har ta zama uku: mai jan kari, mai riƙe taku, da ta tsakiya mai cike gurbi. Wanda ya fi shahara da wannan hannu shi ne Mbaraka Mwinshehe, da ya yi Morogoro Jazz daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1973, sannan ya kafa Super Volcano, ya rasu a hatsarin mota a Kenya a 1979.

Tsarin waƙar ma agogo ne. Gefen 78 minti uku yake ɗauka ko da 'yan daƙiƙu, waƙar takan tafi da taku ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ka ji ta fara a hankali, sannan a tsakiya ganga ta canza, jita ta ɓarke, an shiga abin da 'yan Tanzaniya ke kira chemko, wato tafasa, to ka kusanci ƙarshen shekarun 1960 ko ka wuce. Idan har waƙa ɗaya ta cika gefe biyu na faifan 45, kashi na ɗaya da na biyu, galibi kana cikin shekarun 1970.

Saurari kirarin da ake jefawa a tsakiyar kiɗa. Kowace ƙungiyar Tanzaniya tana da mtindo, salon rawarta da take kiran sunansa. Saboso na Western Jazz ne, segere matata na Tabora Jazz, msondo na ƙungiyar da aka kafa a 1964 da sunan NUTA Jazz a ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, sikinde kuma na Mlimani Park ne da ta zo a 1978. Ko takarda ta goge, kirarin zai gaya maka masu kiɗan. NUTA ɗin nan kyauta ce ga mai bincike, domin sunanta yana canzawa tare da na uwar ƙungiyar: ta zama Juwata a ƙarshen shekarun 1970, ta zama OTTU daga baya, yau ita ce Msondo Ngoma.

Kenya daban take, can jita ce tun farko. Sojojin mulkin mallaka na King's African Rifles da aka kai Burma (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu sun dawo da ita a hannu, cikinsu har da Fundi Konde, mutumin gaɓar teku da aka haifa a 1924, wanda ya yi aiki a rukunin nishaɗantar da soja, ya kuma zama cikin na farko da suka kaɗa jitar lantarki a yankin. Rumbarsa a natse take, Swahilinsa na bakin teku, sau da yawa da kilarinet ko fiyano a gefe. Wannan sautin ƙarshen shekarun 1940 ne zuwa tsakiyar 1950.

Sai busasshiyar jita, wato ta katako marar lantarki, wadda ake kaɗawa da yatsa biyu: babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, manuniya tana jan kari a kan sirara. Daga Katanga ta ƙasar Kwango salon ya zo, ta hannun Jean Bosco Mwenda, wanda Tracey ya ɗauka a Jadotville a 1952, da Edouard Masengo da Losta Abelo. Bosco da Masengo duk sun zauna a Nairobi a wajejen ƙarshen shekarun 1950 suna waƙoƙin talla. A nan ake yawan tuntuɓe, domin su ma da Swahili suke waƙa. Bambancin yana cikin harshe: Swahilin Katanga yana da kalmomin Faransanci, nahawunsa kuma ya sauƙaƙa idan aka gwada da na Mombasa. 'Yan yammacin Kenya, musamman 'yan ƙabilar Luhya irin su George Mukabi da John Mwale, sun ɗauki salon suka ƙara masa sauri da murya biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, da kwalbar Fanta da ake karta da ƙarfe a kan gurzunta. Mukabi ya rasu a 1963, don haka duk abin da ya ɗauka da bakinsa yana da rufi.

Twist na Nairobi sautin Equator ne: jitar lantarki biyu, bes mai tsalle, taku mai lilo wanda ya fi kusa da kwela na Afirka ta Kudu fiye da na Amurka. Makaɗan gidan su ne Daudi Kabaka da Fadhili William, da 'yan Zambiya biyu, Nashil Pichen da Peter Tsotsi, da Charles Sonko na Yuganda. Sunan mutum ɗaya ake bugawa a takarda, amma hannayen kusan kullum waɗannan ne, shi ya sa faya-fayan mawaƙa daban-daban suke kama da 'yan uwa ɗaya. Benga kuma kada a yi gaggawar liƙa wa faifai sunanta. Ta fito ne daga Luo na bakin tafkin Victoria, jita tana kwaikwayon nyatiti, molonsu mai tsirkiya takwas, bes yana gudu gaba-gaba. Ba ta tsaya da ƙafarta ba sai ƙarshen shekarun 1960, a hannun su D.O. Misiani da Shirati Jazz da George Ramogi. Waƙar Luo da jitar katako ta shekarun 1950 kakar benga ce kawai.

Yuganda a taƙaice: harshen Luganda a kan rumba ko twist, kamar na Elly Wamala da Fred Masagazi, da kuma kadongo kamu, jita ɗaya da dogon labari, wanda ake danganta farkonsa da Christopher Ssebadduka. Idan kuwa ka ji udi da ƙanuni ko harmoniyam da tabla, da baitoci masu awo da amsa-amo, taarab ce, wani gida ne daban, ko da tambarin Mzuri ne a kai.

Baitoci

Makaɗan nan sun yi waƙar zamaninsu, kuma zamanin cike yake da ranaku sanannu. An kafa TANU, jam'iyyar neman 'yancin Tanganyika, a 1954. An saki Jomo Kenyatta, jagoran neman 'yancin Kenya, a Agustan 1961. Tanganyika ta sami 'yanci ranar 9 ga Disamba 1961, Yuganda 9 ga Oktoba 1962, Kenya 12 ga Disamba 1963, a shekarar da kalmar harambee, wato a haɗa ƙarfi, ta shiga bakin kowa. Tanganyika da Zanzibar sun haɗe a Afrilun 1964, sunan Tanzaniya kuma sai a ƙarshen Oktoban shekarar. Sanarwar Arusha ta zo a Fabrairun 1967, daga nan ujamaa, aƙidar gurguzu ta Tanzaniya, ta cika waƙoƙi. An kashe Tom Mboya, minista a Kenya, a Yulin 1969, mawaƙa suka yi ta makoki a faifai. Kwango ta zama Zayar a 1971. Jam'iyyar CCM ta maye gurbin TANU a Fabrairun 1977.

Ambaton abu yana ba da ƙasa ne kawai: waƙar da ta ce Tanzaniya ba ta riga ƙarshen 1964 ba, amma tana iya zama ta 1972. Rufi yana samuwa ne idan waƙar tana roƙon abin da bai faru ba tukuna, kamar a saki Kenyatta, ko tana kiran abin da aka daina, kamar TANU a matsayin jam'iyya mai ci. Wanda ba ya jin Swahili ya nemi mai ji, zai fi kyau dattijo, domin kalmomin titi na wancan lokaci da habaicin da ke ciki sun wuce ƙamus.

Misali: faifan roba mai juyi 45, bugun Kenya, ƙungiya mai "Jazz" a suna, Swahili tsantsa, jitar lantarki da saksofon, taku ɗaya babu chemko, minti uku da rabi, an ambaci Tanzaniya ba a ambaci ujamaa ba. Jiki ya ce shekarun 1960, kunne ya ce kafin ƙarshensu, baiti ya ce bayan Oktoban 1964. Abin da za a rubuta shi ne "tsakanin 1965 da 1968, bisa kiyasi", a kuma faɗi dalilan.

Sunaye da masu waƙa

Rubutun suna ba shi da tsayayyen tsari. Salum da Salim, Abdallah da Abdullah, Daudi da David, William da Williams, Edouard da Edward, duk za ka gani. Bosco ma yana fitowa a matsayin Mwenda wa Bayeke. Kwafe sunan yadda yake a takarda a layi ɗaya, sunan da aka san shi da shi a layi na biyu. Ka kuma raba gida huɗu: wanda ya tsara, wanda ya rera, ƙungiyar da ta kaɗa, kamfanin da ya fitar. Sunan da ke ƙarƙashin waƙa sau da yawa na wanda ya kai ta situdiyo ne. "Malaika" ita ce babban misali: Fadhili William ya ɗauke ta fiye da sau ɗaya, Miriam Makeba ta kai ta duniya, amma har yau ana jayayya kan wanda ya tsara ta. A irin wannan, a rubuta wanda ya ɗauka, a nuna akwai saɓani kan tsarawa.

Sunan ƙungiya yana iya daɗewa bayan mai ita. Salum Abdallah ya rasu a hatsarin mota a 1965, Cuban Marimba ta ci gaba a ƙarƙashin Juma Kilaza, saboda haka sai an tantance muryar. Makaɗa kuma suna ƙaura: 'yan uwan nan Wilson da George Peter Kinyonga sun bar Jamhuri Jazz ta Tanga suka kafa Simba Wanyika a Kenya a farkon shekarun 1970, kiɗan Tanzaniya a ƙasar Kenya. Wani tarkon shi ne tef ɗin Radio Tanzania, gidan da ya ɗauki wannan suna a 1965, inda yawancin ƙungiyoyin ƙasar suke ɗauka. Tef yakan yi shekaru kafin ya fito a faifai a Nairobi, wani lokaci ba da sanin makaɗan ba.

Don samun turke, a duba tallan sababbin faya-fayai a jaridun Swahili na lokacin, kamar Baraza da Taifa Leo a Kenya, domin talla ɗaya mai lambar kasuwa da kwanan wata tana daidaita jeri guda. Abin da Tracey ya ɗauka yana da rajista da wuri da shekara a ILAM, ma'adanar kiɗan Afirka da ke Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu.

A katin kowane faifai a sa lambar kasuwa, lambobin uwa biyu, hoton takardar gefe biyu, girman allurar da aka yi amfani da ita, gudun da aka tsayar, da shekarar da aka kiyasta tare da shaidunta. Faifan kansa a sa shi a sabuwar rigar takarda, a tsaye, na inci 10 da 'yan uwansa, na inci 7 daban, a ɗaki marar zafi da laima. Idan aka kwantar da shalak aka jibga, na ƙasa ne ke tsagewa, idan kuma aka jingine shi a karkace cikin zafi, yana gantsarewa, allura ta riƙa tsalle a kowane juyi.